Runduna ta 617: daren da ya yi mata suna da aikin da ya biyo baya

A watan Agustan 1941, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, aka ajiye wa gwamnatin Birtaniya wani rahoto da ya sa gwiwar hafsoshin sojan samanta ta yi sanyi. Wani ma'aikacin gwamnati, David Bensusan-Butt, ya zauna ya bi hotuna sama da 600 da jirage suka ɗauko a daidai lokacin da suke sakin bama-bamai da dare. Cikin jiragen da matuƙansu suka dawo suna cewa sun kai hari, ɗaya bisa uku ne kawai ya kusanci wurin da aka aike shi da tazarar mil 5. A yankin Ruhr kuwa, inda ƙarfe da kwal na Jamus suke, ɗaya ne cikin goma. Wato samari suna mutuwa a sama, bom yana faɗawa gonaki da dazuzzuka.

Amsar da aka bayar a Fabrairun 1942 mai sauƙi ce, kuma mai muni. Tun da ba a iya samun masana'anta a cikin duhu, to a nemi garin da take ciki, a ƙone unguwannin ma'aikatanta. A watan ne aka naɗa Arthur Harris shugaban rundunar jiragen jefa bama-bamai, kuma har yaƙi ya ƙare bai sauka daga kan wannan ra'ayi ba. Duk wanda ya zo masa da maganar wani wuri guda da in an rushe shi Jamus za ta durƙusa, kallon mai tallar maganin-duk-cuta yake yi masa. Runduna ta 617 ta sojan saman Birtaniya kuwa don irin wannan magana aka kafa ta.

Mai maganar injiniya ne na kamfanin Vickers, Barnes Wallis. Lissafinsa shi ne masana'antun Ruhr ba sa aiki sai da ruwa, ruwan kuma yana tare a bayan wasu 'yan madatsu. Matsalar ita ce bangon dutse mai kaurin mita 30 da ɗoriya daga gindi ba ya jin bom ɗin da ya faɗo nesa da shi, kuma Jamusawa sun shimfiɗa ragar ƙarfe cikin ruwa a gaban madatsar Möhne don tare duk makamin da zai biyo ta ƙarƙashi. Gwaje-gwajen da aka yi, har da fasa wata tsohuwar ƙaramar madatsa a Nant-y-Gro ta yankin Wales a Yulin 1942, sun nuna cewa in bom ya manne da jikin bango ya fashe a cikin zurfi, ruwan da kansa zai danne ƙarfin fashewar ya tura shi cikin bangon. Saura yadda za a kai shi wurin. Wallis ya fara da cilla 'yan duwatsun wasan yara a kan ruwan baho a bayan gidansa, ya ƙare da ganga mai nauyin fiye da tan 4, kusan tan 3 na ciki nakiya ce. Ana juya ta da baya, zagaye 500 a minti ɗaya, kafin a sake ta. Sai ta riƙa tsalle a kan ruwa ta tsallake raga, ta bugi bango, juyin nan ya riƙe ta a jikinsa tana nutsewa, sai ta kai zurfin mita 9 ta fashe.

Harris ya kira abin shirme. Amma na gaba da shi, Charles Portal, ya ce a yi, aka ba da izini a ƙarshen Fabrairun 1943. Dole kuma a yi a watan Mayu, lokacin da madatsun suke cike maƙil, a daren farin wata. Ranar 21 ga Maris aka kafa rundunar a sansanin Scampton da ke Lincolnshire, aka damƙa ta ga Guy Gibson, ɗan shekara 24 da ya riga ya fita aiki sama da sau 170. Sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma kusan abin da aka yi ke nan: mako takwas kacal tsakanin kafa runduna da ranar hari. Labarin da ake yawan bayarwa cewa duk zaɓaɓɓun gwanaye ne Gibson ya tsinto da hannunsa, ba haka yake ba. Akwai gogaggu irin su Mick Martin ɗan Ostireliya, akwai kuma waɗanda ba su yi fita goma ba. Cikin mutum 133 da suka tashi a daren, 29 na sojan saman Kanada ne, har da Ba'amurke ɗaya, Joe McCarthy, 12 na Ostireliya, biyu na Niyu Zilan.

Jirgin Lancaster ne, mai inji huɗu da mutum bakwai: matuƙi, injiniya, mai duba hanya, mai saitin bom, mai oba-oba, da maharba biyu. An ƙera shi don ya yi aiki daga tsayin ƙafa 20,000. Yanzu aka ce ya sauko ƙafa 60, mita 18 ke nan daga fuskar ruwa, da dare, yana gudun kusan kilomita 370 a awa, alhali faɗin fukafukansa ya fi mita 30. Na'urar auna tsayi ba ta da amfani a wannan kusanci, sai aka ɗaura fitilu biyu a ƙarƙashin jirgi, aka karkata su yadda haskensu ba zai haɗu a kan ruwa ba sai jirgi yana daidai ƙafa 60. Mai duba hanya yana leƙe ta gefe yana ce wa matuƙi ƙasa, ƙasa, tsaya nan. Don auna nisa kuma aka sassaƙa wani ɗan katako mai reshe biyu da ƙusa a kowane baki: in ƙusoshin suka yi daidai da hasumiyoyi biyu na kan madatsa, a saki. Wasu masu saitin ma suka watsar da katakon suka koma ga zare da alamar fensir a jikin gilashi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne fitilun nan suna nuna wa masu igwa a kan bango daidai inda za su harba.

Daren 16 ga Mayu 1943 jirage 19 suka tashi rukuni uku. Tun kafin a ga madatsa aka fara asara. An harbo jirgin Byers a gaɓar Holan. Na Barlow da na Astell suka yi karo da wayoyi da turakun lantarki, saboda ƙasa-ƙasa suke tafiya don kauce wa na'urar hango jirage, kuma bom ɗin Barlow bai fashe ba, Jamusawa suka same shi lafiya lau. Geoff Rice ya sauko har cikin jirginsa ya shafi teku, ruwa ya fizge bom, ya juya gida. A Möhne, Gibson ya fara, bango bai motsa ba. Hopgood na biyu, wuta ta kama jirginsa, bom ɗinsa ya tsallake bango ya faɗa kan tashar lantarki. Daga nan Gibson ya riƙa shiga gefen kowane mai hari don ya raba hankalin masu igwa. Martin ya jefa, Young ya jefa, Maltby ya jefa na biyar, bango ya buɗe. A madatsar Eder babu igwa ko ɗaya, amma tsaunuka ne da hazo, sai bom na ƙarshe da ya rage, na Les Knight, ya fasa ta. Madatsar Sorpe kuwa tarin ƙasa ce da kankare a tsakiya, ba irin ginin da aka ƙera bom ɗin dominsa ba. McCarthy ya yi ta zagayowa, sai a karo na goma mai saitinsa, Johnny Johnson, ya yarda ya saki. Jirage biyu kawai suka jefe ta, ta ɗan zube daga sama, ta tsaya.

Jirage takwas ba su dawo ba. Mutum 53 sun mutu, uku an kama su. A wancan lokaci in aka rasa biyar cikin ɗari a dare guda ana ganin an ji jiki, domin da wannan lissafi wanda aka ɗora wa fita 30 damarsa ta gamawa da rai wajen ɗaya ce cikin biyar. Nan kuwa an rasa fiye da arba'in cikin ɗari. Wallis ya yi kuka a wannan safiya, kuma fam 10,000 da aka ba shi lada bayan yaƙi ya zuba su a asusun karatun 'ya'yan sojojin saman da suka mutu.

Sai mutanen da ke ƙarƙashin bango. Tafkin Möhne yana ɗauke da ruwa kusan kubik mita miliyan 134, ya ɗara na Alau da ya ɓalle ya shiga Maiduguri a Satumban 2024, kuma mafi yawansa ya fice cikin sa'o'i kaɗan ta giɓi mai faɗin mita 70 da wani abu, ya bi kwari mai ƙunci. Da jiniya ta yi kuka, mutanen Neheim, garin da ke cikin kwarin, suka yi abin da aka koya musu, suka sauka ɗakunan ƙarƙashin ƙasa don gudun bom, can ruwa ya tarar da su. Ƙididdigar farko ta ce kusan mutum 1,300 suka mutu, ta baya ta kai wajen 1,600. Mafi yawansu ba Jamusawa ba ne. Fursunonin yaƙi ne da ma'aikatan tilas da aka kwaso daga ƙasashen da Hitila ya mamaye, ɗaruruwa daga cikinsu mata 'yan Yukren da Folan da ke kwana a barikokin katako a bakin kogi. Harin da aka fi yabo da cewa ya sami daidai inda aka nufa, waɗanda ya fi kashewa su ne waɗanda aka ce don 'yanto su ake yaƙin.

To me aka samu? A nan masana tarihi suka rabu, kuma kowane ɓangare yana da abin riƙewa. An rushe masana'antu 11, an lalata fiye da 100, gadoji 25 sun tafi, tashoshin lantarki biyu sun tsaya, gonaki da dabbobi sun salwanta. Amma kafin ƙarshen Yuni ruwa da wuta sun dawo a Ruhr, kafin ƙarshen Satumba an toshe giɓin Möhne, a kan kari don tarar ruwan damina. Eder ma ba Ruhr take shayarwa ba, aikinta daidaita ruwan kogin Weser da hanyar jiragen ruwa. Wadda za ta sa ƙishi ya kama masana'antu in an haɗa ta da Möhne ita ce Sorpe, ita kuma aka bar wa ragowar jirage da makamin da bai dace da ita ba. Albert Speer, ministan makaman Hitila, ya faɗi haka bayan yaƙi, ya kuma yi mamakin yadda aka bar shi ya yi gyara wata da watanni da katakan gini a fili, ba a aiko ko jirgi ɗaya ya ƙone su ba. Masu kare harin suna cewa saurin gyaran shi ne shaidar zafin dukan, don sai da aka janye dubban ma'aikata daga ginin katangar tsaron gaɓar Faransa, aka kuma girke igwogi da sojoji a madatsu har ƙarshen yaƙi. Wannan gaskiya ne. Amma a ganina babbar ribar ta farfaganda ce. Churchill, firaministan Birtaniya, yana Washinton a lokacin, ya shiga majalisar dokokin Amurka ranar 19 ga Mayu da labarin a bakinsa, jaridu suka buga hoton ruwa yana kwarara ta tsakiyar bango. Gibson ya sami Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma a Birtaniya, mutum 34 aka yi wa ado da lambobi. Ba a sake jefa wannan bom a yaƙi ba.

Runduna ta rage da suna, babu aiki. Aka yi ta neman abin da za a yi da ita, har a Satumban 1943 aka aike ta fasa mashigin ruwa na Dortmund-Ems, ƙasa-ƙasa kamar dai wancan dare. Hazo ya rufe, jirage takwas suka je, uku suka dawo, mashigi bai fashe ba. Sabon kwamanda George Holden ya mutu, Les Knight na Eder ya mutu bayan ya riƙe jirgi har mutanensa suka dira da lema, Maltby kuma ya riga ya faɗa teku a daren da ya gabata. Darasin ya fito fili: ƙaton jirgi mai inji huɗu ba ya shawagi ƙasa-ƙasa a kan igwa ya kwana lafiya. Abin da ya faru a Möhne rabinsa gwaninta ne, rabi sa'a da ba-zata.

Tarihin da ya fi cancanta a tsaya a kansa ya fara ne a Nuwamban 1943, da zuwan sabon kwamanda, Leonard Cheshire. Shi da Martin suka raba aikin biyu. Masu bom su tsaya can sama inda suka fi tsira, da sabuwar na'urar saiti mai daidaita kanta. Mutum ɗaya ko biyu su sauko har su ga rufin ginin da idonsu, su ajiye wuta mai launi a kansa, na sama su saita a kan wutar. Masu rundunar nuna hanya ta Pathfinder, da ke ajiye alama daga sama, sun ce wannan kashe kai ne. Daren 8 ga Fabrairu 1944 aka gwada a masana'antar injin jirgi ta Gnome-Rhône a Limoges ta Faransa, inda Faransawa ɗaruruwa, yawancinsu mata, suke aikin dare. Cheshire ya ratsa kan rufin sau uku ƙasa-ƙasa don su gane su gudu, ya jira suka fita, sannan ya ajiye alama. Aka ragargaza masana'antar, unguwar da ke kewaye ta tsira. Daga baya ya bar Lancaster ya koma ƙaramin jirgi mai sauri, Mosquito, sannan Mustang.

Wallis ma ya dawo da tunaninsa na asali, wanda aka ƙi saurara a 1941: bom mai tsini da za a saki daga nesa sama, ya nutse cikin ƙasa kusa da gini, ya girgiza harsashinsa ya bar rami a ƙarƙashi, ginin ya rufta da kansa. Wannan bom, Tallboy, mai fiye da tan 5, an fara jefa shi daren 8 ga Yuni 1944 a kan ramin jirgin ƙasa na Saumur, aka toshe hanyar da tankokin Jamus za su bi zuwa Normandi, gaɓar Faransa da sojojin ƙawance suka sauka. Kwana uku kafin nan rundunar ta yi wani aiki da ba a jefa bom ko ɗaya ba, wanda matuƙan suka raina: sa'o'i suna kai da komo a kan teku bisa lissafin daƙiƙa, suna watsa ɓallin takardar alminiyam, don na'urar Jamusawa ta nuna kamar ayarin jiragen ruwa yana tahowa wani wuri dabam da inda za a sauka. Sai rumbunan kankare na makaman roka a arewacin Faransa, da ramin babbar igwar Mimoyecques da aka nufi Landan da ita, da mafakar jiragen ruwa a Le Havre da Brest.

Ranar 12 ga Nuwamba 1944, ƙarƙashin Willie Tait, tare da Runduna ta 9, suka kifar da Tirpitz, babban jirgin ruwan yaƙin Jamus, kusa da Tromsø a arewacin Nowe. Karo na uku ke nan. Na farko sai da suka je Rasha suka tashi daga can. A wannan karon daga Sikotlan suka tashi, aka cire sulke da bindigar bayan jirgi ta sama aka ƙara tankunan mai, tafiyar wajen awa 13. Jiragen Jamus da ke kusa ba su tashi a kan lokaci ba. Matuƙan ruwa wajen dubu suka mutu a ciki. Rundunonin biyu sun shafe shekaru suna gardamar bom ɗin wa ya yi aikin, har suna sace wa juna wani ɓallin ƙarfen jirgin da Nowe ta ba su kyauta. A 14 ga Maris 1945 aka saki babban yayan Tallboy, Grand Slam mai tan 10, a kan doguwar gadar jirgin ƙasa ta Bielefeld, wadda aka yi ta jifa da dubban bama-bamai ba ta faɗi ba. Fitarsu ta ƙarshe, 25 ga Afrilu, gidan Hitila ne na kan dutse a Berchtesgaden.

Tambayar da ke biyo baya ita ce, in ana iya haka, me ya sa aka ci gaba da ƙone garuruwa? Wani ɓangare na amsar na sana'a ne. Runduna ɗaya ce cikin gommai, da na'urar saiti da ba kowa ke da ita ba, tana jiran sararin sama ya washe, kuma yawancin nasarorinta sun zo ne bayan an karya ƙarfin jiragen Jamus a 1944. Ɗaya ɓangaren kuwa ra'ayi ne. A hunturun 1944 Portal ya yi ta rubuta wa Harris wasiƙu yana neman ya mai da hankali kan matatun mai, Harris yana turjewa. Ga kuma abin da masu son raba tarihin gida biyu, na masu tsabta da na masu ƙone gari, ba sa son ji. Dabarar Limoges ba ta tsaya a Limoges ba. Cheshire da kansa ya tabbatar da ita a kan birnin Munich a Afrilun 1944. Aka miƙa jiragen Mosquito da aikin ajiye alama ga Runduna ta 627, maƙwabciyarsu a sansanin Woodhall Spa. Daren 13 ga Fabrairu 1945 su ne suka sauko ƙasa-ƙasa suka ajiye jar wuta a kan wani filin wasa a Dresden, jirage suka bazu daga nan a kan tsohon gari. Kimanin mutum 25,000 suka mutu. Iya saiti bai rage kisa ba a wannan dare, shi ya sa wutar ta haɗu wuri guda.

Bayan yaƙi 'yan siyasar Birtaniya suka ja jiki daga Harris da mutanensa. Cikin ma'aikatan jirage kimanin 125,000 da suka yi aiki a ƙarƙashinsa, 55,573 sun mutu, amma ba a yi musu lambar yaƙi tasu ta kansu ba, kuma sai a 2012 aka buɗe musu wurin tunawa a Landan. A tsawon wannan shiru, labarin madatsu ne kaɗai ake iya bayarwa ba tare da sunkuyar da kai ba, fim ɗin 1955 ya ƙara kafa shi, ba a kuma nuna barikokin Neheim a ciki ba. Cikin mutum 133 na daren, 48 ne suka ga ƙarshen yaƙi. Gibson ba ya ciki, ya faɗi da Mosquito a Holan a Satumban 1944. Na ƙarshensu, Johnny Johnson na Sorpe, ya rasu a Disamban 2022 yana da shekara 101. Cheshire, bayan fita 100 da tasa Victoria Cross, shi Birtaniya ta tura ya kalli faɗuwar bom ɗin nukiliya a Nagasaki daga wani jirgin rakiya. A 1948 ya ɗauki wani tsohon soja mai ciwon ajali ya yi jinyarsa a gidansa, daga nan gidajen kula da naƙasassu masu ɗauke da sunansa suka yaɗu, har Ibadan da Legas da Khartum.

Rundunar tana nan har yau a sansanin Marham da jiragen F-35, tambarinta bango ne da ya fashe ruwa yana zuba. Doka kuwa ta sauya. A 1977 aka ƙara wa yarjejeniyoyin Janeba wani sashe, saɗara ta 56, da ya hana kai hari kan madatsun ruwa da ganuwar tare ambaliya da tashoshin nukiliya, ko da wuraren soja ne, muddin abin da zai ɓalle daga cikinsu zai yi wa fararen hula mummunar ɓarna. Amurka ba ta tabbatar da wannan ƙari ba har yanzu. Birtaniya ta tabbatar a 1998, amma ta rubuta sharaɗi cewa ba za ta yi alkawarin cikakkiyar kariya ga irin waɗannan wurare ba in suna taimaka wa yaƙin abokan gaba.